Jama'ar Sutura, Shafi na 23: Suna na Takwas

Daga alƙalamin Sa'adiya Lukmanu (Maman Hajjo)

Assalamu alaikum 'yan amana. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta biyo ni gida. Ki taho, akwai wanke-wanke.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: muna Garuwa ne, shekarar 1971. Jama'ar Sutura wasu mahauta ne da maƙwabtansu, shekara goma sha ɗaya suna ɗaukar gawar da ba ta da kowa, su wanke, su binne, don Allah kawai. Yanzu hukuma ta ce ko su zama ƙungiya mai rajista, ko su daina. Shugabansu Malam Salmanu mahauci, yau zuwansa na huɗu ke nan ofishin Prefe, babban jami'in gwamnati na yankin.

*

Babban akawu ya ɗora yatsa a kan takardar yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Salmanu, mahauci, Bahaushe. Mahamman, dillalin shanu, Bahaushe. Usmanu, malamin allo, Bahaushe. Dela..." Ya leƙo ta saman tabarau. "Ita ma?"

"Ita ma, ranka ya daɗe."

"Mutum bakwai. Duk bakwai ɗin Hausawa."

Salmanu ya gyara tsayuwa. Rigarsa ta Juma'a ya sako yau don kada a ji masa ƙarnin nama, ga shi gumi ya riga ya liƙe masa ita a baya.

"Laifi ne, ranka ya daɗe?"

"Doka ta hana ƙungiyar ƙabila ɗaya. C'est la loi. Ba ni na yi ta ba."

"Ai mu gawar da muke ɗauka ba ma tambayarta ƙabila. Mun binne Bafillace, mun binne Babarbare, mun binne mutumin Cadi, mun binne wanda har gobe ba mu san yarensa ba."

"Matattu ba sa sa hannu a takarda, Malam Salmanu. Maganar masu rai nake."

Akawun ya ɗan waiga wajen ƙofa, inda wani ɗan sanda ke zaune a benci yana gyangyaɗi. Ya rage murya.

"Na san aikinku, kowa ya sani. Amma ka duba zamanin da muke ciki. Mutum bakwai masu yare ɗaya, suna taruwa a zaure ɗaya duk ranar Alhamis. In takardar nan ta hau sama a haka, ba ƙin sa hannu kaɗai za a yi ba. Aikowa za a yi a tambaye ku abin da kuke tattaunawa. Ka kuwa san inda ake yin irin wannan tambayar."

Salmanu ya gyaɗa kai. Ya sani. Ya san wani tela a unguwarsu da aka ɗauka don a yi masa tambaya ɗaya, bana shekara uku, har yau kekensa na ɗinki na rufe da zane.

"To mene ne mafita?"

"Suna na takwas. Wanda ba Bahaushe ba, mai karatun lekol, wato boko, a sa shi sakatare. Ka zo da sa hannunsa da katin shaidarsa." Ya juya shafi. "Wa ya rubuta muku dokokin ƙungiyar nan? Faransancin ya yi kyau."

"Wani abokinmu ne, Antoine. Shi ke kula da ɗakin gawa a asibiti."

"Gadamayo ne?"

"E, mutumin kudu ne."

"Voilà! Ga ruwa a gindinku kuna taimama." Ya tura masa takardun. "In ka dawo kafin ƙarfe biyar, Prefe zai sa hannu a resepise na wucin gadi, takardar shaidar ke nan, yau ɗin nan ka fita da ita. Binciken 'yan sanda daga baya ne, a rubuta garin haihuwar kowannenku a tambayi halinsa, wannan sai ya ci wata guda. In kuwa ka wuce biyar, gobe da asuba Prefe zai fita rangadi. Sati uku."

*

Sau uku Salmanu yana roƙon Antoine ya bari a sa sunansa, sau uku yana zillewa. Don haka da ya fito bai nufi asibiti ba, sai ya karkata keke zuwa kasuwa.

Ya je wurin wani Bafillace mai kanti da ya yi lekol har aji shida. Mutumin ya saurare shi tsaf, ya sa masa albarka, sannan ya ce, "Sunana a teburin komiser, shugaban 'yan sanda? Malam, ina da ƙananan yara."

Ya je wurin wani mai gyaran agogo, mutumin kudu. Wannan ko bari ya gama magana bai yi ba, ya ce kansa na ciwo.

Azahar ta wuce lokacin da ya jingine kekensa a bayan asibiti. Zafin Afrilu ne, irin wanda ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi.

A bakin ƙofar ɗakin gawa ya tarar da Goggo Dela, tsohuwar da ke wanke musu gawar mata. Tana zaune a kan ɗan dutse, ga daro a gabanta, ga sabulu, ga turare, ga likkafani a naɗe a cinyarta.

"Goggo, tun yaushe kike nan?"

"Tun hantsi. Ka samo takardar?"

"Saura kaɗan."

"Jiya ma haka ka ce."

Ranar Litinin masu wanki suka tsinci wata mata a bakin kogin Binuwai, ba wanda ya san ta. A da, Antoine aike kawai yake yi musu, su zo su ɗauka. Amma tun da aka fito da sabon tsari, ba a ba kowa gawa sai dangi ko ƙungiya mai takarda. Wadda ta kwana uku ba mai nema, fursunoni ke zuwa su kai ta ramin gayya, ba wanka, ba salla.

"Gobe da safe za su zo," in ji Goggo Dela. "Na leƙa na gan ta, Salmanu. Akwai lalle a ƙafarta, sabo. Wata ce ta zauna ta ƙunsa mata shi. 'Yar mutane ce. A ce maza huɗu 'yan sarƙa ne za su ja ta a buhu?"

"In sha Allahu ba za a kai ga haka ba."

"To shiga ka gaya wa wancan. Yau ko gaisuwata da ƙyar ya amsa."

*

Antoine na zaune a ɗan ofishinsa da ke liƙe da ɗakin gawa, farar rigar aiki a jikinsa. Siririn mutum ne, bai wuce talatin da biyar ba, amma furfura ta fara cin gefen kansa. A cikin mahauta ya koyi Hausa, har karin maganarsu yana yi. Da ya ga takardun a hannun Salmanu, sai ya miƙe.

"Baba, sannu da rana."

Salmanu ya mayar da ƙofa ya rufe.

"Zauna."

Ya zauna.

"Karo na farko ka ce min ma'aikacin gwamnati ba ya shiga ƙungiya. Na tambaya, an ce ba haka ba ne. Karo na biyu ka ce matarka Odette ba ta so. Na aika matata wajenta, ta ce ita ko labarin ba ta ji ba. Na uku ka ce katinka ya ɓace."

"Baba..."

"Ga shi can a aljihunka, ina hango bakinsa."

Antoine ya kai hannu ya dafe aljihu.

Salmanu ya zayyana masa yadda suka yi da akawu, har zuwa ƙarfe biyar da rangadin Prefe. Ya ajiye takardar a tebur, ya ɗora alƙalami a kai.

"Kai ka rubuta dokokin nan da hannunka. Shekara goma sha ɗaya kana ɗaukar makara tare da mu. Lokacin kwalara kai da ni muka binne mutum tara rana ɗaya. Yau rubutu ɗan layi ɗaya ya gagare ka? In ƙyamar haɗa suna da mahauta kake, ka faɗa min, ba kai ne na farko ba."

"Wallahi ba haka ba ne."

"To mene ne?"

"Ka nemi wani."

"Na nema. Ba wani. Kai ne."

"Suka ce za su rubuta garin haihuwa?"

"Na kowa. Ni ma za su rubuta."

Antoine ya zaro katin daga aljihu ya ajiye a gaban Salmanu.

"Baba, hoton waye wannan?"

"Naka mana."

"Hoton nawa ne. Sunan ba nawa ba ne."

Salmanu ya dube shi, ya dubi katin. Bai iya karatun boko ba, amma ya ƙura wa baƙaƙen ido kamar za su yi masa magana.

"Ban gane ba."

"Sunana Dieudonné. Ni ba Antoine Kamdem ba ne. Ban taɓa taka garin da aka rubuta a nan ba. In suka aika can da hotona, ba wanda zai ce ya san ni."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To ina mai sunan?"

"Ka san shi."

"Ni?"

"Kai ka wanke shi."

Salmanu ya lalubi benci ya zauna.

"Baƙon Allah," in ji Antoine a hankali.

Da wannan sunan Salmanu ke kiran gawarsu ta farko. Damina ce, shekarar da aka sami 'yancin kai. Su huɗu za su mayanka bayan sallar asuba, suka ga saurayi kwance a rumfar tashar manyan motoci, ruwa na ɗiga a kansa, aljihunsa a zazzage. 'Yan sanda suka rubuta ba a san shi ba, suka tafi. Salmanu ya kasa wucewa. Ya yanko yadi, ya kira Malam Usmanu, suka yi masa sutura. Daga kan wannan kabarin Jama'ar Sutura ta fara. Duk shekara in ciyawa ta rufe shi, Salmanu kan ɗauki fartanya ya je ya share.

"Faɗa min," in ji Salmanu. "Kada ka rage komai."

Antoine, bari mu ci gaba da kiransa haka tun da bakinmu ya saba, ya sunkuyar da kai.

"Malamin makaranta ne ni a ƙauyenmu, ina da shekara ashirin da uku. Lokacin yaƙin daji ne a kudu. Mutanen daji suka shigo gidanmu, suka ɗora wa uwata adda a wuya, suka ce in rubuta musu wasiƙu tun da na iya rubutu. Na rubuta. Ban riƙe bindiga ba, Baba, ban kashe kowa ba. Amma aka kama ɗayansu da takarda a jikinsa, aka gane hannuna. Sunana ya shiga jerin waɗanda ake nema. Wanda aka kama a jerin nan ba ya dawowa."

"Sai ka gudu."

"Na gudu. A Ngawundere na hau motar gishiri mai zuwa nan. A cikinta na haɗu da shi. Sa'ana ne. Ya nuna min takardar ɗaukar aiki, an turo shi asibitin nan, murna yake ta yi. Duk shingen da muka zo, ni in shige ƙarƙashin tamfol, shi ya zauna a kaina yana miƙa katinsa. Bai taɓa tambayata dalili ba."

Ya ci gaba.

"Kwana na biyu zazzaɓi ya rufe shi. Wuyansa ya sanƙare. A cinyata ya ɗora kai. Kafin mu shigo gari ya cika. Direba ya ji tsoron 'yan sanda, ya sauke mu a tasha ya ja motarsa. Na zauna a gefensa ina kallonsa. Ni ga rai ba takarda, shi ga takarda ba rai."

"Sai ka zazzage masa aljihu."

"Na ɗauki katin da takardar aikin. Na canza hoto. Bayan shekara biyu na ce katin ya lalace, aka yi min sabo da fuskata."

"Shi ke nan abin da ka ɗauka?"

Antoine ya buɗe aljihun tebur, ya fito da wani ɗan ƙulli. Ɗan gicciye ne na ƙarfe a jikin zare.

"A wuyansa yake. An zana sunansa a baya, shi ya sa na cire."

Salmanu ya miƙe zumbur har benci ya faɗi.

"Kirista ne! Muka tsaya muna gardama a kansa, Malam Usmanu ya ce tun da ba wata alama a yi masa salla. Muka kai shi maƙabartarmu, muka juya fuskarsa alƙibla. Ashe alamar tana aljihunka!"

"Ina bayan motoci ina kallonku. Na bi ku har maƙabarta."

"Ka bi mu!"

"Ban taɓa ganin abin da kuka yi ba, Baba. Mutanen da ba su san shi ba suna ɗauke da shi a kafaɗa. Ni da ya ɓoye a ƙarƙashinsa kwana biyu, na bar shi a ƙasa kamar buhu. Shi ya sa da na kama aiki na roƙi a ba ni ɗakin gawa, aikin da kowa ke gudu. Shi ya sa na neme ka."

"Rufe min baki!"

Salmanu ya kai gwauro ya kai mari a ɗan ɗakin, numfashinsa na fita da ƙarfi.

"Shekara goma sha ɗaya kana sa hannu a akushina. Ni na raka ka neman auren Odette. 'Ya'yanka uku suna ce min Kaka, ashe sunan mamaci suke amsawa. Duk shekara ina durƙushe a kabarin nan ina cewa, Allah Kai kaɗai Ka san sunan bawanKa. Ashe wanda ke riƙe min buta a bayana ya sani!"

Hawaye ya zubo wa Antoine, bai share ba.

"Odette ta sani?"

"Ba ta sani ba. Kai ne mutum na farko."

"Danginsa fa? Uwarsa? Ba ka tunanin akwai wadda ke zaune tana duban hanya?"

"Kullum ina tunani. Ban san kowa nasa ba. Ba wanda ya taɓa zuwa nemansa."

Salmanu ya ɗaga benci ya sake zama. Fushin ya fara sauka, wani abu da ya fi shi muni ya maye gurbinsa. Tsoro. Yanzu shi ma ya sani. A ƙasar nan kuwa, wanda ya san inda mutumin jerin nan yake ya yi shiru, hukuncinsu ɗaya. In ya kai katin, ya kai wa hukuma ƙarya da saninsa, ranar da asiri ya tonu su bakwai za a kwashe, har da Goggo Dela da ba ta iya miƙewa sai ta dafa bango. In bai kai ba, gobe 'yan sarƙa su ja matar nan a buhu, ƙungiya ta mutu, kuma a fara tambayar dalilin da ya sa Hausawa bakwai suka kasa samun baƙo ɗaya.

"Da ma ban tambaye ka ba," ya ce.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Su duka biyu suka zabura.

"Ni ce." Muryar Goggo Dela ce. "Ban san abin da kuke ƙullawa ba, amma injin sanyin nan ya yi shiru tun ɗazu. Baiwar Allahn nan ba za ta kai gobe da mutuncinta ba. Ku ji tsoron Allah."

Suka ji takunta tana komawa kan dutsenta.

Antoine ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya jawo takardar gabansa, ya cire murfin alƙalami.

Salmanu ya riƙe masa hannu.

"Ka san abin da kake yi?"

"Wata guda suka ce."

"Wata guda. Bayan nan su zo su ɗauke ka."

"Na hana mutum ɗaya sunansa, Baba. Ba zan hana wannan likkafaninta ba. In an tambaye ka, ba ka san komai ba. Ba ka iya karatu ba, kati aka ba ka ka kai. Ni na ruɗe ku, kamar yadda na ruɗi asibiti."

"Ka ce in yi ƙarya."

"Na ce ka yi shiru."

Salmanu ya sake shi. Alƙalami ya yi ƙara a kan takarda.

"Ina da surukai mahauta a Yola," in ji Salmanu, ba tare da ya dube shi ba. "Iyaka ba nisa. Kafin wata ya cika ka kwashe Odette da yara, akwai masu shanu da za su tsallaka da ku. Amma kafin ka tafi, za mu je kabarin nan ni da kai. Ka tsaya a kansa ka kira sunansa da ƙarfi, ka mayar masa da abin wuyansa."

"Na yarda. Ka yafe min?"

"Ba ni ke da yafiyar ba. Tashi mu je, lokaci na tafiya."

*

Ƙarfe huɗu da rabi suka iso ofishin Prefe. Antoine ya tuɓe rigar aiki, ya biyo shi don ko za a ce sai an ga mai katin. Amma da suka zo bakin matakala ya kasa hawa. Ya tsaya a gindin dalbejiyar da ke gaban taga, yana riƙe da kekunansu biyu.

Babban akawu ya karɓi takardun, ya duba sa hannun, ya juya katin gaba da baya.

"Très bien. Ka ga abu mai sauƙi?" Ya ɗaga murya. "Madam Simone!"

Wata matashiya ta taso daga bayan tafireta. Salmanu bai gan ta a zuwansa na baya ba.

"Sabuwar mai buga mana takardu ce, satin jiya aka turo ta daga kudu. Hannunta kamar walƙiya. Minti goma, in shiga da takardar wajen Prefe."

Ta zura takarda, ta fara bugawa. Kat-kat-kat. Salmanu na tsaye yana jan salati a zuci, yana ƙirga ƙarar da injin ke yi duk ƙarshen layi. Ɗaya. Biyu. Biyar. Bakwai.

Sai injin ya yi tsit.

Ya ɗaga kai. Matar ta ɗauki katin da hannu biyu, ta kawo shi dab da fuskarta. Leɓɓanta na motsi. Ta sake karantawa. Ta miƙe tsaye, kujerarta ta kife.

"Mon Dieu!"

Ɗan sandan da ke benci ya farka ya leƙo.

Ta nufo akawu tana zuba Faransanci, tana buga yatsa a kan katin, hawaye na bin kumatunta. Salmanu bai ji ko kalma ɗaya ba, sai dai sunan da take ta maimaitawa. Antoine. Antoine.

Akawu ya cire tabarau, bakinsa a buɗe. Sannan ya juyo yana dariya, yana tafa hannu.

"Allahu Akbar! Malam Salmanu, yau ka ga ladan aikinku tun a duniya. Ka san wace ce wannan? Ƙanwar sakatarenku ce, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Salmanu ya dafa tebur.

"Ta ce ga sunan ubanta a katin, ga na uwarta, ga garinsu. Marayu ne. Tana da shekara tara ya bar ta a hannun 'yan mishan, ya ce zai tafi arewa aiki, in ya zauna zai aiko a kawo ta. Daga ranar ko wasiƙa. Kowa ya ce mata ya mutu, ita ta ƙi yarda. Ita ta roƙa da bakinta a turo ta arewa."

Simone ta sake duban hoton, ta karkata kai, ta ce wani abu a hankali.

"Ta ce fuskar ta ɗan canza mata. To, shekara goma sha ɗaya ai ba kwana goma sha ɗaya ba ce." Akawu ya saurara, ya ƙara da cewa, "Amma ta ce ko fuska ta canza akwai abin da ba ya canzawa. Yana da tabon ƙuna a hannun hagu, daga wuyan hannu har gwiwa. Ita ce ta faɗa murhu tana rarrafe, ya sa hannu ya ciro ta."

Ɗakin ya juya wa Salmanu.

Ya tuna hannun. Shi ya ɗaga shi, ya zuba masa ruwa sau uku, ya bi tabon da sabulu a hankali kamar mai shi zai ji zafi. Shi ya miƙar da shi a gefen jikinsa kafin su ja likkafani.

"Lafiya, Malam Salmanu? Ka yi fari fat."

"Zafi ne, ranka ya daɗe."

"Ai dole. Yana ina yanzu? Asibiti? Bari in sa ɗan sandan nan ya kai ta a mota, Prefe ma sai ya ji wannan labari."

Resepise na nan maƙale a bakin tafireta, layi na takwas ba a buga ba. Agogon bango ya nuna biyar saura kwata.

Simone ta riga ta isa taga tana share ido da bayan hannu. Nan ta tsaya cak. A gindin dalbejiya ga mutum tsaye da kekuna biyu, rigarsa mai gajeren hannu, ya ɗago kai yana duban tagar.

Ta dubi hoton. Ta dubi mutumin. Ta juyo wajen Salmanu, ta yi tambaya.

Ɗan sanda ya matso. Akawu ya fassara, har yanzu da murmushi a fuskarsa.

"Kai take tambaya, Malam Salmanu. Wancan da ke tsaye, shi ne yayanta?"